Hanyar Ƙafa Dukiyar Kowa Ce

Darasinmu na yau a kan tafiyar ƙafa ne, da hanyoyin da ƙafa ke bi: turbar gona, da burtali, da hanyar tudu, da ta bakin tabki, da ta cikin gandun daji.

Watakila za ka ce: "Malam, tafiyar ƙafa ma sai an koya mini? Ai tun ina ɗan shekara ɗaya nike tafiya." Gaskiyarka. Amma tafiya iri biyu ce. Akwai tafiyar mai sauri, wanda ke son ya kai kasuwa kafin ta watse, ba ya duban dama, ba ya duban hagu. Akwai kuma tafiyar mai lura, wanda ke tafe yana duban ƙasa da itatuwa da ruwa, kamar yadda kake duban baƙaƙe a kan allo. Ta biyun ce muke so mu koya. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya taka ƙasarsa da lura, shi ne zai san abin da ke ƙaruwa cikinta da abin da ke raguwa. Kuma shi ne zai fara gani idan hanya ta soma ɓacewa.

Irin hanyoyin da muke da su

Mu mutanen Yauri ne, Yauri ta ƙasar Matamaye cikin jahar Damagaram, ba ta Najeriya da ke bakin Kwara ba. Ƙasarmu ƙasar jigawa ce da kwari. Mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe da juna, har da wuya ka ga saura. To, cikin wannan matsi, hanyoyi huɗu ne ke ratsa ƙasar.

Ta farko ita ce turba. Ƴar siririya ce, mutum ɗaya-ɗaya ke bin ta. Ita ke kai ka gona, da rijiya, da maƙabarta, da ƙauyen da ke maƙwabtaka da naku.

Ta biyu ita ce gwadabe, hanyar jakuna da amalanke, wadda ake bi ranar kasuwa.

Ta uku shi ne burtali, hanyar dabbobi. Shi ke fitar da garke daga gari zuwa wurin kiwo da mashaya ba tare da an taɓa shukar kowa ba. Akwai ƙananan burtali na gari, akwai manya waɗanda makiyaya ke bi su yi arewa da damina, su komo kudu da kaka.

Ta huɗu ita ce kwalta, wadda ta taso daga Takeita, ta ratsa Matamaye, ta wuce Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura.

Kwalta gwamnati ke gyaran ta. Amma turba da gwadabe da burtali, ƙafafun iyaye da kakanni ne suka fitar da su, tun zamanin da fatake ke ɗauko kanwa da gishiri bisa jakuna da raƙuma. Ba wanda ya saye su, ba wanda ya gada shi kaɗai. Na kowa ne. Abin da ke na kowa kuwa, idan ba a yi hattara ba, shi ne ke rasa mai tsaro.

Shiri kafin ka fita

Lokacin da ya fi daɗin wannan tafiya shi ne bayan kaka, cikin ɗari, an kwashe amfani, rana ba ta da zafi sosai. Ka fita da sassafe bayan asuba. Da bazara kuwa, kada hantsi ya same ka nesa da inuwa.

Ka riƙe gorar ruwa, da sanda, da malfa. Ka sa takalmi mai rufe ƙafa, saboda ƙarangiya da tsidau da kunama. Kada ka tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara, nan ne kububuwa ke kwanciya. Ka gaya ma mutanen gida inda za ka, da lokacin da za ka komo. In kana da salula ka tafi da ita. Ku tafi ku biyu ko ku uku ya fi. In kun shiga ƙasar wani gari, ku fara gaida mai gari, ku faɗa mishi abin da ke tafe da ku. Mai tambaya ba ya ɓata.

Tunda yanzu ka iya rubutu, ka sa littafi da alƙalami cikin aljihu. Ga kuma ɗan lissafi: kilomita 1 mita 1,000 ce. Babban mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 ko 5 cikin awa ɗaya. Cikin rairai mai zurfi, ko da yara a tare, ba zai kai haka ba. Ke nan in tabkin da za ka gani yana kilomita 8 daga gida, ka ƙiyasta awa biyu zuwa, awa biyu komowa, ban da hutu.

Zango na ɗaya: cikin gonaki

Da ka fita gari ka kama turba, ka ɗaga kai ka duba. Icen da za ka fi gani shi ne gawo. Gawo yana da hali nashi na daban. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke kore, shi zubar da ganye yake yi, don haka ba ya tare ma hatsi rana. Da rani kuma sai ya yi ganye, ya ba dabbobi inuwa, ya zubo musu ƴaƴa su ci. Ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta gindinsa su ne taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kauri da tsawon zangarniya.

Mutanen da sun san haka. Dattawa na ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo cikin ƙasarsa, ya sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sara. Daga baya mutane suka ƙaru, aka yi ta sassabe ana tumɓuke kowane tsiro. Sai ga farin 1973 da na 1984, itatuwa suka mutu, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona, tana binne shuka. A shekarar 1984 ɗin ne aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi, zamanin Shugaba Seyni Kunce, a kan yaƙi da hamada.

Daga nan manoma suka sake dabara. In sun zo sassabe, sai su bar tsiro mai ƙarfi ɗaya ko biyu a kan kututture, su share sauran, su riƙa yi mishi aski har ya zama ice. Wannan shi ake kira sassaben zamani. A 2006 wani masanin itatuwa ɗan Nijar, Mahaman Larwanu, da abokan aikinsa suka zagaya ƙasashen Mirya da Magarya da Matamaye. Suka iske wajen hekta miliyan 1 ta sake rufuwa da itatuwa, mafi yawansu gawo. Ba dasa su aka yi ba, manoma ne suka rene su cikin gonakinsu. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

To, ga aikinka a wannan zango. Ka tsaya bakin gona guda, ka ƙirga manyan itatuwa, ka ƙirga ƙanana, ka rubuta. Gonar da ke da tsofaffin gawo kaɗai, ba ƴaƴa a bayansu, kamar gida ne da ba yara. In ka ga tumfafiya ta yi yawa kuma, ka san ƙasar ta fara gajiya.

Zango na biyu: kan tudu

Tudunmu ba irin manyan duwatsun da ka gani a Birnin Damagaram ba ne, waɗanda suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Ba su kai duwatsun Muniyo na ƙasar Gure ba. Namu jigawa ce ta rairai, wani wuri kuma fako mai tsakuwa. Amma ko ƙaramin tudu ne, in ka hau shi za ka ga abin da ba ka gani daga ƙasa.

Ka hau sannu, ka tsaya a ƙoli, ka juya gabas da yamma, kudu da arewa. Za ka hangi garinku, da rumbuna, da inda burtali ya bi kamar an ja layi, da kwari can ƙasa ya yi duhu da goriba da mangwaro. Yanzu ka duba ƙarƙashin ƙafarka. Akwai sabara? Akwai kalgo, da geza, da gamba? In akwai su, saiwoyinsu na riƙe da tudun. In an sassare su an bar shi tsirara, za ka ga ƴan ƙananan hanyoyin ruwa sun tsattsaga shi.

Ka bi ɗaya daga cikinsu ka gangara. Daga sama tsagar ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Kana sauka tana ƙara faɗi, har ta zama kwazazzabo wanda sai ka zagaya. Duk ƙasar da ta tashi daga nan, ina ta tafi? Ta gangara kwari. Ka riƙe wannan a ranka, za mu iske ta a zango na gaba.

Maganin tudun da ya tsiraita an san shi. Ana gina rabin wata, wato rami mai siffar jinjirin wata wanda bakinsa ke duban inda ruwa ke gangarowa. Ruwa ya tsaya ciki ya nutse, a shuka ciyawa, a dasa ice. Ana jera duwatsu a tare ruwa. A kan rairai kuma ana kafa shingen kara ko a shimfiɗa rassa don iska ta daina kwasa.

Zango na uku: kwari da tabki

Allah ya yi ma ƙasarmu baiwa da kwarin Ƙorama da rassansa, wanda ya ratsa kudancin jahar Damagaram. Cikin kwarin ruwa kusa yake, wani wuri gaba ɗaya ko biyu ka same shi. Shi ya sa da rani, lokacin da jigawa ta bushe, nan ake aikin garka. Ga rake, wanda ƙasar Matamaye da Dungu suka yi suna da shi. Ga rogo, da dankali, da albasa, da tumatir, da salati. Ga dabino da goriba, ga kaba da mata ke saƙa tabarma da igiya da ita.

Ka zauna bakin tabki ka yi shiru, za ka ga masu shi. Ga balbela tana bin shanu. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi. Ga kirinjijiya da dinya. Cikin ɗari kuma akwai baƙin tsuntsaye da ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare teku da hamada, su yi sanyi a nan, su koma. Cikin ruwan akwai tarwaɗa da karfasa, akwai gaiwa wadda ke shigewa cikin laka in tabki ya ƙafe, ta jira damina.

Yanzu ka zagaya tabkin, ka duba gefen da ke fuskantar tudu. Za ka ga farin rairai ya shigo kamar harshe. Ƙasar nan ce da ka gani ta tashi daga tudu. Kowace damina tana ƙara cike tabkin. Ka tambayi wani dattijo inda ruwa ke kaiwa sa'ad da yake yaro, ka auna da takunka daga can zuwa bakin ruwan yau, ka rubuta. Ka duba kuma ko kacala ta fara rufe ruwan, don in ta yi yawa tana hana su, tana hana dabbobi sha, tana tara tsuntsayen da ke cin hatsi. Ka ga ke nan, mai garka a kwari da mai saran sabara a tudu, igiya ɗaya ta ɗaure su, ko da ba su san juna ba. Wanda ke bisa kabu-kabu ba zai ga wannan ba. Sai mai tafiya ƙasa.

Gargaɗi ɗaya: ruwan tabki ba na sha ba ne, kuma kada a bar yara su yini suna wanka ciki. Nan ake ɗaukar tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ƙwayar cutar cikin ƴan ƙananan dodon koɗi take girma, ta fito ta shiga fatar mutum. Kurkunu ma ta ruwan tabki yake kama mutane a da. An yi yaƙi da shi ta hanyar tace ruwa da gina rijiyoyi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da shi.

Akwai manyan tabkuna da duniya ta san da zamansu. A 1971 ƙasashe suka taru a wani gari mai suna Ramsar cikin ƙasar Iran, suka yi yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga a 1987. Cikin jaharmu an sa tabkin Lasuri cikin wannan lissafi a 2005, aka sa na Gidimuni, wanda ke kan hanyar Gure, a 2019. A wannan shekara ce kuma aka sa tabkin Madarumfa na kudu da Maraɗi, inda mutane ke zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99. Tabkin ƙauyenku ba ya cikin takardar Ramsar, amma shi ne ke shayar da awakinku.

Zango na huɗu: gandun dajin Takeita

Wannan zango yana da ɗan nisa daga Yauri. Sai ka shiga mota daga Matamaye ta sauke ka Takeita, wajen kilomita 50 yamma da Damagaram, inda kwaltarmu ta haɗu da babbar hanyar Maraɗi. Daga nan ka sa ƙafa.

Gandun daji shi ne dajin da hukuma ta keɓe, ta hana a yi gona cikinsa. Na Takeita tun zamanin Turawa aka keɓe shi, cikin shekarun 1950, kuma faɗinsa ya fi hekta 6,000. A ƙasar da gonaki suka cinye ko'ina, wannan daji babban abu ne. Cikinsa akwai tudu da fako da ƴan tabkuna. Za ka ga geza, da sabara, da anza wadda ta ceci mutane da yawa a shekarun yunwa, da aduwa, da magarya, da itatuwan ƙaro. Da damina, sa'ad da shuka ta rufe ƙasa, nan ne dabbobin garuruwan kewaye da na makiyaya ke samun wurin tsayawa.

An daɗe ana ganin dajin na gwamnati ne kawai. Mai gadi kaɗan ne, daji kuwa da faɗi. Sai kowa ya riƙa shiga a ɓoye, ya sari abin da ya samu ya gudu. Wasu ma suka fara share gefensa suna gona. Dajin ya kama hanyar ƙarewa.

A 1995 aka soma wani aiki tare da ƙungiyar SOS Sahel da ma'aikatan gandun daji. Aka tara duk masu amfani da dajin: manoman garuruwan kewaye, da makiyaya na zaune da masu wucewa, da mata masu itace, da sarakuna. Aka yi ta zama ana gardama, har suka kafa ƙungiyarsu mai suna Ku Taya Ni, suka zaɓi wakilai, suka tsara dokokin kiwo da na saran itace da na gyaran ƙasa. Darasin Takeita shi ne: dajin da aka ce na hukuma ne kaɗai, kowa sata yake yi cikinsa. Ran da mutane suka ji da hannunsu a ciki, sai su zama masu gadi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In ka shiga gandun daji, ka nemi izini tukuna. Ka bi hanyar da ke akwai. Kada ka kunna wuta, kada ka yar da guntun taba, kada ka sari ɗanyen ice. Leda da ka zo da ita ka koma da ita, don in akuya ta ci tana kashe ta. Ba kowane daji ake shiga ba kuma. A shekarun baya-bayan nan ƴan bindiga sun addabi wasu dazuzzukan bakin iyaka a kudancin Maraɗi. Ka tambaya kafin ka je ko'ina.

Yadda wasu ƙasashe ke yi da hanyar ƙafa

Za ka yi mamaki in ka ji cewa a ƙasashen da kowa ke da mota, mutane na ajiye motar su ɗauki jaka a baya, su yi kwana da kwanaki suna tafiya ƙasa cikin duwatsu da dazuzzuka da bakin tabkuna. Suna yi don lafiyar jiki, da hutun rai, da sanin ƙasarsu.

A Faransa, tun 1947 aka kafa kwamitin kula da dogayen hanyoyin ƙafa. Suna shafa fenti fari da ja a jikin ice ko dutse, don matafiyi ya san bai ɓata ba. Mafi yawan masu wannan aiki ƴan sa kai ne. A Amurka akwai wata turba da ta bi duwatsun Apalashiya, tsawonta wajen kilomita 3,500, an gama fitar da ita a 1937. A Ingila kuma akwai turbobin da suka ratsa tsakiyar gonakin mutane, kuma doka ta ba kowa ikon bin su. Dokar 1990 ta ce in manomi ya nome irin wannan turba, to cikin kwana 14 ya mayar da ita yadda mutane za su iya wucewa.

Ka lura da wannan. Su da ke bin hanyar don shan iska sun sa mata doka da alama. Mu kuwa da ita muke zuwa rijiya, da ita muke kai mara lafiya likita, da ita muke kai gawa makwancinta. Wa ya fi cancanta ya tsare hanya, mu ko su?

Idan hanya ta toshe

Hanya ba ta ɓacewa rana ɗaya. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya. Baɗi mai gonar hagu ya ce shi ma ba a bar shi baya ba, ya ƙara biyu. Bayan shekara goma, gwadaben da amalanke biyu ke wuce juna ya koma turba. Burtalin da garke ke bi a sake ya koma maƙogwaro. Wani ma ya kewaye bakin tabki da shinge ya yi garka, ya rufe mashaya.

To, saniya ba ta san kunya ba, ba ta san iyaka ba. In burtali ya matse, dole ta taɓa shuka. Daga nan sai cacar baki, sai sanda, sai abin da ba a fata. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jahar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan rana.

Ƙasarmu tana da doka a kan wannan. A 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, aka ƙara ta kiwo a 2010. Dokokin sun ce burtali da wurin kiwo da mashaya na jama'a ne, ba a nome su, ba a sayar da su. An kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, tun daga gunduma har zuwa ƙauye. Cikinsu akwai masu gari, da wakilan manoma, da na makiyaya, da na mata. Su ke auna burtali, a kafa mishi turakun siminti, a rubuta cikin takarda. Makiyayi shi ma doka ta hau kansa: ya bi burtali, ya tsare dabbobinsa, kada ya shiga gona sai hukuma ta faɗi ranar sakin gonaki. In an yi ɓarna, a je gaban mai gari ko sarki a sasanta, kada kowa ya ɗauki doka da hannunsa.

Nan ne karatunka zai yi amfani. Da, sai dai a ce: "Kakana ya ce daga tsamiyar can zuwa kukar can." Tsamiya ta faɗi, magana ta ɓace. Yau kai ka iya auna faɗin burtali da taku, ka rubuta adadi da kwanan wata. Ka iya karanta takardar Kofo da kanka, ba sai an karanta maka ba. Ke ma ƴar'uwa, da kike bin turbar rijiya da ta itace kullum, kin fi kowa sanin inda ta matse. Ki faɗa, ki rubuta.

Abin da za mu riƙe

Ƙasa littafi ce, ƙafa ke buɗe ta. Gona da tudu da tabki da daji a haɗe suke, hanya ce ta ɗinke su. Mu riƙa fita muna zagaya ƙasarmu ko sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma kafin shuka, lokacin da shamuwa ta iso. Mu tafi da yaranmu, mu gaya musu sunan kowane ice da kowane tabki. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai kuma ranar dashen itace, mu dasa namu a bakin burtali da gwadabe, su zama inuwa, su zama iyaka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi hanyoyi huɗu da ke ratsa ƙasarmu.
2. Don me hatsi ke yin kyau a gindin gawo?
3. Mene ne sassaben zamani?
4. Ta yaya saran sabara a kan tudu ke cutar mai garka a kwari?
5. Wane ciwo ake ɗauka wajen wanka a tabki?
6. Su wa suka haɗu suka kafa ƙungiyar Ku Taya Ni?
7. Mutum yana cin kilomita 4 a awa ɗaya. Awa nawa zai yi kafin ya kai garin da ke kilomita 12?

Aiki

Ku kasu ku uku-uku. Kowane kashi ya zaɓi hanya ɗaya daga bakin gari zuwa tabki, ko tudu, ko rijiya. Ku auna faɗinta da taku a wuri uku: farko, da tsakiya, da ƙarshe. Ku rubuta sunayen itatuwa biyar da kuka gani. Ku tambayi wani dattijo yadda faɗin hanyar yake a da. Ku zana ta cikin littafi, ku kawo aji mu karanta tare, sannan mu kai ma mai gari.